Ƙullin Bayan Sulken Sanda

Jawabin da Malam Halliru Habu ya gabatar a taron addu'ar arba'in ta marigayi Injiniya Sanda Salihu, a Old Trafford, Manchester, cikin watan Nuwamba na 2018.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malam Musbahu, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dakta Rabe, shugaban ƙungiyarmu ta nan Manchester, da 'yan'uwanmu na Birmingham da suka cika motoci uku suka biyo hanya tun hantsi, sannunku da zuwa. Alhaji Gidaɗo, yayan marigayi, wanda ya taso tun daga Kano ya shigo wannan sanyin da bai saba da shi ba, Allah ya ba da ladan zumunci. Hajiya Kubura, uwargidan marigayi, Allah ya ƙara haƙuri. 'Yata Raki, ɗana Uba, 'ya'yan marigayi, Allah ya yi muku albarka. Madam Catherine da sauran abokan marigayi Turawa, na ga Uba ya koma kusa da ku yana juya muku magana, to Uba, ka juya duka, kada ka rage komai don ka rufa mini asiri. Iyaye, 'yan'uwa, ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da Dakta Rabe ya kira ni ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa a nemi wani. Akwai waɗanda suka fi ni iya baki, akwai waɗanda suka riga ni sanin Sanda. Ya ce ai ni na yi shekara goma sha huɗu ina ɗaura masa sulke, saboda haka babu inda zan gudu. Na amsa, amma ba don hujjarsa ba. Akwai wata igiyar fata a aljihuna yanzu haka, akwai kuma maganar da na riƙe shekara bakwai game da ita. Maganar ta shafi sunan Sanda a sana'arsa. Idan na sauka daga nan ban faɗe ta ba, za a ci gaba da tuna shi da kuskuren da ba shi ya yi ba. Zan iso gare ta. Ku bar ni in fara da mutumin tukuna.

Ya kasance ɗan baduku, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Mahaifinsu, Malam Salihu, a unguwar Dukawa yake ɗinka jaka da takalma da kuben wuƙa, Alhaji Gidaɗo na nan ya fi ni sani. Sanda ya yi karatun ƙarafa, ya zo uni a nan da scholarship, ya zauna a wani flat a Hulme wanda ɗakin girkinsa bai fi tabarma biyu ba. Ya gama digiri na uku, ya sami aiki, ya zama injiniyan da ake ji da shi. Amma ko a wurin ɗaurin aure ka miƙa masa hannu, kafin ya dubi fuskarka ya riga ya dubi ɗinkin takalminka, kuma zai gaya maka ra'ayinsa ko ba ka tambaya ba.

Wannan halin ne ya jawo mana duk abin da ya biyo baya. Wata Asabar yana yawo a Castlefield, wurin da aka sake gina ƙofar sansanin Rumawa, ya tarar da wasu Turawa sun yi shigar sojojin Rum suna nuna wa jama'a yadda ake atisaye a wancan zamanin. Maɗaurin kafaɗar ɗaya daga cikinsu ya tsinke. Sanda ya matsa, ya karɓi fatar ya juya ta, ya gaya wa mutumin da bai taɓa gani ba cewa wanda ya yi wannan ɗinkin da a rumfar babansa yake, da ranar bai ci abincin rana ba. Ya tafi da ita gida, ya ɗauko basillar da ya zo da ita daga Kano, ya ɗinke. Kafin shekara ta zagayo, sulken gaba ɗaya yake ƙerawa a garejinsa.

Mu kuwa dariya muka yi masa, kada wanda ya musa. Magidanci da digiri uku, ya sa jar riga iya gwiwa, ya ɗauki garkuwa yana taku a fili, yara na tafi. Har wurin Malam aka kai ƙara. Malam ya ce in dai ya rufe al'aura kuma bai bar salla ba, shi bai ga laifi ba. Sanda ya shiga littattafai ya gano cewa sojojin Rum ɗin ma da sanyin ƙasar nan ya kama su wando suka riƙa sawa, ya ɗinka nasa har ƙasan gwiwa, aka rufe wannan babin.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin sulken ba, ba irin na zobba da muka sani a gida ba ne. Fallayen ƙarfe ne dogaye, ana lanƙwasa su su zagaye jiki, kowane yana hawa kan na ƙasansa kamar kwanon rufi. Daga ciki akwai fata da ta riƙe su, shi ya sa mutum ke iya motsi. Rabi biyu ne, dama da hagu, suna haɗuwa a ƙirji da kuma tsakiyar baya. Sanda yakan ce ƙarfen kowa ma zai iya bugawa, aikin yana wurin maɗaurai. Ƙarfen da aka tono daga ƙasa ya nuna siffarsa, amma fatar ta ruɓe tun shekaru dubu biyu, babu wanda ya rage da zai ce ga yadda ake ɗaurawa. Sai dai a duba 'yan zobba da ƙugiyoyin tagulla da suka tsira, a gwada, a sa a jiki a yi gudu da shi, a ga abin da zai riƙe.

A kan wannan ya ƙarar da Asabar ɗinsa. Ɓangaren kafaɗa da na ciki, da maɗauri mai kan bel za a haɗa su ko da ƙugiya? Ya gwada kan bel, ya ce fatar tana miƙewa idan ta sha gumi, sulken ya sauko ya zauna wa mutum a ƙugu. Ya koma ƙugiya, ya ce tana riƙewa amma idan tagullar ta yi siriri takan miƙe. Ya yi musu da abokansa Turawa a kan wannan har shayi ya huce. Igiya kuwa bai yarda da ta kanti ba. Duk wanda zai je gida sai ya ba shi sautun fatar akuya daga wurin majema, ya yanka ta da kansa, ya shafe ta da kitse. Hajiya Kubura ta sha kiran matata ta ce a zo a ga yadda aka mayar mata da tukunyar miya.

Abu ɗaya ne ba ya iya yi da kansa, wato ɗaura bayan. Zobba ne jere a gefe biyu, a zura igiya ɗaya doguwa daga sama har ƙasa kamar igiyar takalmi, a ja, a ƙulle. Hannun mutum ba ya kaiwa. Ni na zama mai ɗaura masa, ba don na iya komai ba, ni mai sayar da magani ne a chemist, sai don a lokacin ni ke da mota. Ranar farko ya koya mini dokarsa: ƙulli biyu, a matse, sannan a cusa bakin igiyar ciki inda babu abin da zai kama shi. Ya sa na maimaita sau goma a jikin kujera. Daga ranar bai ƙara juyowa ya duba aikina ba, ko da yake ma ba ya iya gani.

Ya kasance mutumin da idan ɗalibi ya sauka a filin jirgi da akwati biyu da lambar waya ɗaya, lambar Sanda ce. Da yawa a cikin ɗakin nan a kan kujerar falonsa kuka kwana makonku na farko a ƙasar nan, shi ya kai ku kuka yi rajista da GP, likitan unguwa, shi ya nuna muku inda ake sayar da naman halal da kuma rigar sanyin da ba ta ƙarya. Ya kasance mutumin da idan boiler mai ɗumama gida ta mutu a tsakiyar Janairu, kafin landlord ya ɗaga waya shi ya iso da jakar kayan aikinsa. Ya kasance a cikin masu wankan gawa na masallacinmu shekara goma sha ɗaya, aikin da yawancinmu muke sunkuyar da kai idan ana neman mutane. Ba mu taɓa jin ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma ka taɓo masa maganar ƙugiya, ka rasa bas ɗinka.

Ya kasance kuma malamin yaran da ba nasa ba. Madam Catherine a lokacin tana kula da sashen makarantu a wani ƙaramin gidan tarihi da ke ƙarƙashin council, wato ƙaramar hukuma. Ita ta fara gayyatarsa ya shiga firamare da sulkensa. Na sha tsayawa a bakin aji ina kallo. Yara a Hulme da Old Trafford, 'ya'yan Somaliyawa da 'yan Pakistan da namu, su ga sojan Rum ya shigo, ya cire hular ƙarfe, sai ga fuska irin ta babansu. Yakan gaya musu cewa daular Rum ta kai har arewacin Afirka, kuma an kawo sojoji ƙasar nan daga wurare masu nisa. Sannan ya ba su fata da zobba su gwada ɗauri. Akwai matasa biyu a nan yau da suke karatun injiniya, sun gaya mini a wannan ajin abin ya fara shiga ransu.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Kun tuna yadda aka yi bayan 2010. Aka rufe laburaren unguwa, aka rufe wurin matasa, aka sallami mutanen da muka sani da sunayensu. Aka gaya wa Catherine cewa sashenta ba zai kai baɗi ba sai in ta samo tallafi daga waje. Ƙofa ɗaya ta rage, wata gidauniya mai zaman kanta da ta ce za ta turo mutum uku su ga aikin da idonsu kafin ta yanke shawara. Aka sa rana, Asabar ta farkon Nuwamba 2011, a wani fili a Edgbaston, can Birmingham, kusa da jami'a da babban asibiti, inda Rumawa suka taɓa yin sansani. Sanda ya yi wata biyu yana shiri. Sabon sulke ya ƙera don ranar, ya goge shi har kana ganin haƙoranka a ciki.

Yanzu na iso maganar. Uba, ka juya a hankali.

Mako biyu kafin ranar mun yi wani wasan a cikin ruwan sama. Fata idan ta jiƙa takan kumbura, ƙullin ya zama dutse. Na yi minti ashirin ina fama da shi da farce da haƙori, Sanda na tsaye ba ya iya ruku'u, lokacin salla na wucewa. Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Birmingham kuma cunkoso ya riƙe mu a hanya, muka iso a makare, ba mu yi azahar ba. Kun san ranakun Nuwamba a nan, kana sallame azahar la'asar ta shigo. Ana ta yayyafi. Na tsaya a bayansa da igiya a hannu, na lissafa cewa kafin a gama wasan lokacin azahar ya kusa fita, ga ƙulli zai jiƙe. Sai na yi masa zarge, irin wanda muke yi wa zariyar wando, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Na bar bakin igiyar a waje don in same shi da sauri. Na dafa kafaɗarsa na ce an gama. Na gaya wa kaina don salla na yi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ce. Ɗayan rabin, yatsuna ne ba sa son su sake shan wahalar da suka sha.

Ya yi minti goma sha biyar yana abin da ya fi kowa iyawa. Mutanen gidauniyar na gaba, ƙarƙashin lema, suna rubutu. Sai ya ɗaga garkuwa ya juya da ƙarfi don ya nuna yadda soja ke kare kansa, maratayin takobinsa ya kamo bakin igiyar. Ina kallo. Sulken ya buɗe ta baya daga sama har ƙasa, nauyin ya koma kan ƙugiyoyin gaba, ɗaya ta miƙe, sauran suka bi, rabin sulken ya zubo masa a gwiwa da ƙara kamar an kifar da kwandon kwanuka. Ya tsaya a gaban mutum ɗari biyu da jar riga, ga rigar sanyin da Hajiya ta tilasta masa ya sa a ciki ta leƙo. Filin ya ɗauki dariya. Ɗaya daga cikin mutanen gidauniyar ta tambayi Catherine ko wannan ne ake sa wa yara a makaranta.

Sanda ya sunkuya ya ɗauki igiyar daga cikin ciyawa, ya dube ta, ya naɗe ta a hannu. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce a yi masa afuwa, zobban da ya ƙera ne ke da kaifi a baki, su suka yanke igiyar, laifin maƙeri ne. Ni ina taku uku daga wurinsa. Na ga igiyar da idona, lafiyarta ƙalau. Na yi shiru.

Muka yi azahar da la'asar a gefen mota. A hanyar dawowa na buɗe baki sau uku zan faɗa, sau uku na rufe. Shi kuwa yana ta maganar kaurin tagulla har muka shigo Manchester.

Kun san abin da ya biyo baya, don da yawanmu da mu aka yi. Wasiƙar gidauniyar ta zo da a'a. Aikin Catherine ya ƙare a watan Maris. Ta sha gaya mana cewa ko sulken bai faɗi ba sashen ba zai tsira ba, wataƙila haka ne, ni dai ban taɓa samun natsuwa da wannan ba. Wani ya rubuta a dandalin masu wannan sana'a na intanet cewa a yi hattara da zobban Sanda. Mutanen da ke layi don ya yi musu aiki suka janye, shekara biyu babu wanda ya kawo masa ko maɗauri ɗaya. A cikinmu kuma abin ya zama abin zolaya. A wurin suna, a wurin buɗa-baki, sai wani ya ce, Injiniya, a riƙe wando da kyau. Yakan yi dariya tare da mu. Ni ma ina wurin, ni ma nakan yi murmushi. Ɗan Malam Salihu ne fa ake cewa ɗaurinsa ya kasa, a bainar jama'a, kuma na san abin da wannan yake nufi a wurinsa fiye da kowa.

Damuna biyu da hunturu biyu ya yi a gareji. Ya watsar da doguwar igiya ɗaya, ya ba kowane zobe biyu gajeriyar igiyarsu, ta yadda ko ɗaya ta kwance sauran na riƙe. Ya ƙara wa ƙugiyoyi kauri. Ya gwada wani salon da aka gani a sulken da ya zo daga baya, inda zobe ke leƙowa ta rami a saka masa ƙusa. A ƙarshe ya tsaya a kan dabarar da har yau abokansa ke bi: a ɗaure baya sau ɗaya a gida, a bar shi a ɗaure, a riƙa sa sulken kamar kwat ana rufewa ta gaba. Ranar da ya nuna mini, ya cire shi cikin ƙasa da minti ɗaya, ya ce yanzu ko azahar ta matso babu mai buƙatar wata dabara. Na tsargu, amma na ce wa kaina magana ce kawai ta zo a haka.

Da wannan sabon tsarin ba ya buƙatata kuma. Duk da haka kowace Asabar wayata sai ta yi ƙara. Mai magani, zo ka duba mini baya. In je in tsaya in taɓa ƙulle-ƙullen da shi ya yi da hannunsa, in ce lafiya lau, ya ce madalla, mu tafi. Haka ya ci gaba da zagaya makarantu da motarsa da mansa, Catherine na binsa ba albashi, daga nan har Birmingham, shekara biyar. Shirin da council ta kasa riƙewa, mutum biyu suka riƙe shi daga bayan mota.

Da ciwon hanta ya kama shi a farkon bana, aka mayar da shi babban asibitin Edgbaston inda ƙwararrun suke. A nan zan tsaya in gode wa mutanen Birmingham. Hajiya Batulu ta ba Hajiya Kubura ɗaki mako bakwai, ɗalibai suka raba kwanaki suna kawo kunu da farfesu, likitocinmu da ke aiki a can suna leƙowa bayan sun tashi. Allah ya saka muku, mun gani, ba za mu manta ba.

Wata Laraba bayan la'asar na shiga wurinsa. Ya nuna mini taga ya ce filin nan namu yana can ƙasa, bayan wurin ajiye motoci. An canza masa rigar asibiti, irin mai igiya a baya, ba a ɗaura ba. Ya juya mini baya da ƙyar. Mutumin da ke ɗaukar ƙarfe a kafaɗa yini guda, ranar ina iya ƙirga ƙasusuwansa.

Ya ce, "Mai magani, ɗaura mini."

Hannuna ya fara ƙulli biyu yadda ya saba. Sai ya ce, "A'a. Yau yi mini irin na ranar nan. Nurse ɗin tana shan wahalar kwance naka."

Na tsaya da igiya a hannu. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun da na ɗauke ta daga ciyawa. Ɗan baduku ne ni fa, Halliru."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, me ya sa ya bari aka yi ta yi masa dariya shekara da shekaru. Bai juyo ba, don juyawar na yi masa ciwo. Ya ce, "Da na faɗa, da kunya ba ta bar ka ka ƙara zuwa gidana ba. Na san halinka. Zobe kuwa ina iya ƙera wani."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ya ce ai ya san don salla na yi. Na ce masa rabi ne kawai don salla. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce rabin ma ya isa. Na ce zan gaya wa jama'a. Ya ce in bari sai ya tafi, sannan in yi yadda na ga dama, amma kada in yi dogon jawabi. Wannan wasiyyar kam na riga na karya ta.

Makon jiya Raki tana gyara garejin ta buɗe jakar basillar kakanta, ta tarar da igiya a naɗe. Ta kawo mini ta ce, "Baba Halliru, why did he keep this one?" Wato me ya sa ya ajiye wannan. Raki, ga amsarki. Ga ta nan, na ɗaga ta kowa ya gani. Alhaji Gidaɗo, kai ka tashi a rumfar, karɓi ka duba daga wannan bakin zuwa wancan, ka gaya wa jama'a ko akwai inda zobe ya taɓa ta.

Hajiya Kubura, ke kika yi hunturu biyu mijinki na gareji yana gyara abin da bai lalace ba. Ke kika ji zolayar a cikin mata kika haɗiye. Na ci tuwon gidanki duk tsawon shekarun nan da wannan magana a cikina. Ki yafe mini don Allah, in kuma sai kin ɗauki lokaci, zan jira. Madam Catherine, ke ma ina neman afuwarki. Abokansa na sana'a, ina roƙonku ku koma inda aka rubuta a yi hattara da zobbansa, ku rubuta gaskiya, ku sa sunana cikakke. Raki, Uba, duk ranar da wani ya tuna muku da sulken da ya zube, ku ce masa aikin babanku bai taɓa kasawa ba, abokinsa ne ya yi ha'inci a ƙulli. Alhaji, idan ka koma Dukawa ka gaya musu ɗan Malam Salihu bai kunyata rumfar ba. Mu kuma da muka yi dariya, mu san wanda muka yi wa.

Ba baƙin ciki ne ya fi yawa a raina yau ba, godiya ce. Mun gode wa Allah da ya ajiye mana irin wannan mutumin a tsakaninmu shekara goma sha tara, a ƙasar da ba tamu ba. Mun gode wa iyalinsa da suka bar mana shi muka yi ta amfani da lokacinsa kamar namu ne. Mun gode wa duk wanda ya zo, da matan da suka yi girki, da matasan da suka jera kujeru.

Ranar da ya rasu, Malam ya ce in shigo cikin masu yi masa sutura. Da aka zo ɗaure likkafani, aka miƙo mini tsumman ɗaurin. Malam ya fara gaya mini cewa a nan ba a matsewa, zarge ake yi, don a kwance shi cikin sauƙi idan an sa shi a kabari. Na ce masa na sani, Malam. Na yi guda uku, a kai da tsakiya da ƙafa. A maƙabarta kuma ni na sauka na ja su, kowane ja ɗaya.

Ya Allah, bawanka Sanda ɗan Salihu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Ka ba Kubura da Raki da Uba haƙuri, ka zama gatansu. Ya Allah, ni shaida ne, ya ga aibina da idonsa a gaban mutum ɗari biyu, ya naɗe shi a hannunsa ya ɓoye shekara bakwai. Ranar da za a tara mu gaba ɗaya, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.

Malam, a yi mana Fatiha.